Yayan Mai Sauraron Baƙin Rami

Mai Rediyo ake ce masa a layinsu, ko da yake yanzu yawancin abin da ake kawo masa gyara caja ce da fitila. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kullum cikin ƙaurin dalma. A nan Auta, ƙanwarsa, ta girma tana miƙo masa sukudireba. Shi ya fara gaya mata cewa iska cike take da muryoyi, eriya kawai ake buƙata a kamo su.

Da mahaifinsu ya kwanta ciwo, shi ya bar makaranta ya riƙe gidan. Auta ta yi ta karatu har ta sami aiki a wata tashar binciken taurari a bayan gari, inda aka kafa ƙaton faranti na ƙarfe yana fuskantar sama. Da shi suke sauraron baƙin rami, wani abu mai tsananin nauyi a tsakiyar taurari, wanda ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. Abin da yake haɗiya kan fitar da igiyar rediyo, wani lokaci ta yi ƙarfi, wani lokaci ta lafa.

Wata rana igiyar ta yi tashin da ba su saba gani ba, aka yi hira da Auta a gidan rediyo. A shagonsa aka ji, maƙwabta sun cika ƙofa. Ta gode wa malamanta da abokan aikinta. Ya kasa kunne har aka sa kiɗa, bai ji an ambace shi ba.

"Ashe ƙanwarka ce!" in ji wani tela a cikinsu. "To kai me ya faru?"

Ya ce batir ya yi sanyi, ya kashe rediyon.

Auta ta lura ya daina ɗaga wayarta, ta zo har shago.

"Yaya, fushi ake da ni?"

"Wane ni? Mu da muke gyaran caja."

Ta lallashe shi har ya yarda ya kai ziyara, shi da 'yarsa. Da ya tsaya ƙarƙashin farantin, sai da hularsa ta faɗi garin kallo. Ya shafa wayoyin, ya ga an haɗa su tsaf. A ɗakin kwamfutoci Auta ta nuna musu layin igiyar, a kwance, ba motsi.

"Yau ramin ya yi shiru," ta ce.

"Ko dai eriyarku ce ta kwance?" Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

A motar komawa 'yarsa ta ce, "Baba, in na girma aikin Goggo zan yi."

Ya juya yana kallon taga har suka sauka. Washegari ya saya mata littafin lissafi, ya ce kada ta kuskura ta gaya wa goggonta wanda ya saya.