Ruwan da Na Roƙa

A New Bell ba a son ruwan sama. Duk wanda ya ce maka yana so, ba a unguwarmu yake kwana ba. Hadari yana haɗowa daga wajen teku mata za su fara ɗora katifu a kan tebur, maza su jera buhunan yashi a bakin ƙofa, kowa yana zagin wanda ya toshe kwata da shara, alhali dukanmu muka toshe ta. Ni kaɗai ce a gidanmu na taɓa yin damina guda ina roƙon Allah ya sako shi da ƙarfi.

Shekarar da ake rufe gari ce, vil mort kamar yadda ake cewa. Ranakun aiki ba kasuwa, ba taksi, samari sun tare hanyoyi da tayoyi, sai ƙarshen mako ake buɗewa a sayi abinci. Na gama lise, wato sakandare, a sashen lantarki, ina zaune a gida ina faɗa da kowa. Sai wani malaminmu ya aiko cewa wata hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar Turawa ta kafa 'yar tasha a bayan filin jirgi, ana neman ɗalibi ya yi istaj, wato koyon aiki. Ba don na fi kowa maki aka ɗauke ni ba. An ɗauke ni ne don daga gidanmu ana iya zuwa da ƙafa.

Na tafi ina tsammanin ganin roka. Na tarar da kwantena an yanka mata taga, da wani ƙaton farin faranti a gefe yana kallon sama. Injiniyan da ke riƙe da wurin Bafillace ne mutumin Garwa, yana zaune a Makèpè, wata unguwa can nesa da mu. Shef muke ce masa, wato oga. Hausarsa a hankali take fita, kamar yana auna kowace kalma kafin ya sake ta.

Na ce, "Shef, ina rokar?"

"Babu roka, Madmazel."

"To me kuke bincike a nan?"

"Ruwa."

Na kusa juyawa gida. Ruwan da nake tsallakewa a ƙofar ɗakinmu shi zan zo in koya?

Ya zaunar da ni ya yi bayani. Can sama akwai tauraron ɗan'adam yana aiko da sigina ba dare ba rana. Farantin yana kamawa. A cikin kwantena akwai na'ura mai alƙalami, takarda tana tafiya a ƙarƙashinsa a hankali, yana jan layi. In sama ta yi garau layin yana miƙe. In ruwa ya sauko sai ya cinye siginar a hanya, layin ya faɗi. Masu ƙera taurarin suna son sanin iya abin da ruwan irin ƙasarmu yake ci, don su san ƙarfin da za su ba waɗanda za su harba nan gaba.

Ya ce, "Nasu ruwan yayyafi ne. Sun zo neman na gaske."

Aikina shi ne canja takarda, zuba tawada, juye ma'aunin ruwa, da rubuta lokacin da ruwa ya fara da lokacin da ya ɗauke. Sauran duk jira ne. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar jira. Shef zai iya zama ya kalli alƙalamin nan daga hantsi har azahar bai motsa ba. Ni ina shiga ina fita ina harar sama.

Abin da ya sa na fara son wurin matsala ce. A tsakiyar farantin akwai wani baki da aka rufe da siririyar leda, ta nan sigina take shiga. In ɗigon ruwa ya zauna a kan ledar, alƙalami zai yi ƙarya, ba za a san ko sama ce ta ci siginar ko ɗigon ba. Akwai fanka mai hura iska mai zafi don ta busar da shi, to ta ƙone, sabuwar kuma tana tashar jirgin ruwa, ba mai fitar da kaya a wannan rikici. Shef ya ce mu yi haƙuri. Na ce ni ban iya ba.

'Yar kawuna tana da shagon gyaran gashi, a rufe yake tunda aka fara rufe gari. Na je na aro seshuwar ɗinta, abin busar da gashi. Na ɗaure shi a jikin ƙarfen farantin da robar taya, na yi masa hula da gwangwanin madara, na ja waya zuwa cikin kwantena na sa makunni. Da aka yi ɗan ruwa muka gwada. Leda ta bushe, layi ya fito tsaf. Ranar na fara ganin haƙoran Shef.

Ya ce, "Za su tambaye ni wane kamfani ya ƙera wannan."

"Ka ce musu New Bell."

Illar abin ɗaya ce: in ya daɗe a kunne yana zafi ya mutu, dole mutum ya tsaya yana kunnawa yana kashewa muddin ana ruwa. Ranar ce kuma Shef ya gaya mini abin da ya hana ni barci. Hukumar za ta riƙe ɗalibi ɗaya in damina ta ƙare, ta ci gaba da koya masa aiki, ta kai shi makarantar injiniyoyi. Ya ce zai ba da sunana. Amma har yanzu ba mu samu abin da aka kafa tashar dominsa ba, ruwan da zai kai alƙalami har ƙasan takarda.

Daga nan na fara roƙo. A kowace salla.

A gida kuwa Gwaggo ce take jirana da tsiya. Yayar Baba ce, ita ta rene ni, tana toya waina a ƙofar gida. Ɗakinta ne na can baya, na katako, bangonsa yana bakin babbar kwata.

"'Yar sama jannati ta dawo. Yau me kuka gano a saman?"

"Ba komai, Gwaggo. Ruwa ya ƙi zuwa."

"Ya ƙi zuwa? Wannan da ya jiƙa mini itace jiya fitsarin wa ne?"

"Wannan ai wasa ne. Babba muke nema."

"Allah ya rufe bakinki. Ji min yarinya, a ɗakina take cin tuwo tana kira mini ambaliya."

A gaban mutane muke wannan, maƙwabta suna dariya. Har unguwa ta sani, in hadari ya taso sai a ce ga baƙon 'yar gidan nan ya iso.

Ya iso ɗin kuwa, wata safiya a tsakiyar damina. Shef bai samu hanya daga Makèpè ba, an tare ko'ina, ni kaɗai ce a tasha. Tun daga ƙararsa a kan rufin kwantena na san wannan daban ne. Na leƙa ƙofa wajen unguwarmu, ban ga komai ba sai fari. Na san abin da wannan farin yake nufi a layinmu, ba yau aka haife ni ba. Na san Baba yana fama da ciwon baya, na san ba wani mai ƙarfi a gidan. Na rufe ƙofa na koma kan makunni.

Kunna, kashe, kunna. Alƙalami ya fara gangarowa. Ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ci gaba, ya ci gaba, har ya je ya kwanta a gindin takarda ya yi zamansa. Na yi rawa a cikin kwantenar nan ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba, tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Wajen la'asar Shef ya iso a bayan babur, jiƙe sharkaf. Ya warware takardar ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Kin kama shi, Madmazel. Tafi gida yanzu, ki duba mutanenki."

A layinmu ruwa ya kai mini ƙugu. Ina kutsawa ina murmushi kamar wawiya. Na faɗa zaure ban ko yi sallama ba, na ce, "Baba, mun kama shi!"

Sannan na ga zauren. Gwaggo tana zaune a kan tebur, lulluɓe da zanen da ba nata ba, an ɗaure mata ƙafa da tsumma inda kwanon rufi ya yanke ta. Bangon ɗakinta ya faɗa kwata, ya tafi da akwatinta da kwanukanta da tandar waina. Baba ne ya goyo ta ya fito da ita, yana jingine da bango ya kasa miƙewa. Mata maƙwabta sun cika wurin.

Baba ya ce, "Kun kama wa?"

Sai wata maƙwabciyarmu da ke matse zani a bakin ƙofa ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Ai ita ta roƙa."



Washegari ban je tasha ba. Na ɗauki shebur na hau kwashe laka kamar da ita nake faɗa. Rana ta biyu ma haka. Ba wanda ya hana ni zuwa, ina son a fahimci wannan. Gwaggo ma da ta gan ni kwana da kwanaki a gida kirana ta yi.

"Ke, ba ki tafi saman taku ba?"

"Na bari."

"Don me?"

"Don na bari."

"Da kina nan me za ki yi? Ki tare bango da ƙirjinki? Ɗakin nan tun kina goye yake neman faɗuwa. Tashi ki tafi aikinki, kin ishe ni da huci."

Na ce na gama magana. Haka nake, in na faɗi abu sai in tsaya a kansa ko da na san banza ne.

Ranar da aka buɗe gari Shef ya zo har gida. Ya zauna da Baba a zaure, suka yi doguwar gaisuwa, ya yi jaje, ya duba ƙafar Gwaggo. Sannan aka kira ni. Maƙwabta sun ga baƙo da takalmin ofis, sun taru a bayan labule, har da waccan matar, ina ganin ƙafafunta.

Shef ya ce ya aika da takardar babban ruwan, ya aika da sunana tare da ita. Abin da ya rage kawai in ƙarasa daminar, don ba za su riƙe wanda ya bar aiki a tsakiya ba.

Baba ya ce, "Injiniya, ni ban hana ta ba. Ga ta nan, ka ji daga bakinta."

Na ce, "Ku nemi wanda gidansu yake kan tudu."

Shef ya dube ni. Ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Ya ajiye. Ya sake ɗauka. Jira yake in janye maganar, na sani, irin jiran da yake yi wa alƙalami. Baba ma ya sunkuyar da kai yana ba ni lokaci. Ni kuwa na ji shirun ya yi mini yawa, na miƙe.

Ya ce, "Seshuwar ɗin fa, Madmazel?"

"Ku riƙe har damina ta wuce."

Na shige ciki.

Suka ɗauki wani ɗan ajinmu ya ƙarasa daminar yana kunna makunnin da na haɗa. Shi aka riƙe. Bayan damina aka aiko da seshuwar a goge, an sa masa sabuwar waya. Na mayar wa mai shi.

Na sha juya ranar ruwan nan a kaina, kuma har yau ban ga cewa na yi kuskure da na tsaya a tasha ba. Gwaggo ta yi gaskiya, bangon zai faɗi ko ina nan ko ba na nan. Zaman zauren ne yake cina. Mutum ya tako tun daga Makèpè ya tambaye ni abu, ni kuma na ba ƙafafun da ke bayan labule amsa. Matar nan bara na tuna mata maganarta, ta rantse ba ta tuna ta faɗa ba, kuma na yarda da ita. Da na ce wa Shef ya ba ni mako guda, da ya ba ni biyu. Ko bayan ya tafi, hanyar tasha tana nan, ƙafata lafiya lau. Kullum sai in ce gobe, sai in tuna na riga na faɗa a gaban mutane.

Yanzu ina aiki a shagon wani ɗan'uwanmu a Marché Central, babbar kasuwar gari, muna sayar da farantan talabijin muna kafa wa mutane. Ni nake saita su, ba wanda ya kai ni saurin kamo tauraro a layin nan. In damina ta zo masu saye su dawo da faɗa, wai mun sayar musu da jabu, ana ruwa hoto yana ɗaukewa. Da ina tsayawa in yi musu bayani. Yanzu sai in ce su jira ya ɗauke.

An sake gina wa Gwaggo ɗaki, na bulo, na kafa mata ƙaramin faranti a kan rufi. Kwanan baya muna zaune da rana tana kallo, ruwa ya sauko da ƙarfi, hoto ya fara yayyagewa, ya ɗauke gaba ɗaya.

Ta ce, "Ga baƙonki nan. Tashi ki gyara mini."

"Ba ya gyaruwa, Gwaggo. Sai ya wuce."

"To me kike kallo a bango?"

Agogo nake kallo. Na riga na riƙe lokacin da ya fara, ina jiran in ga lokacin da zai ɗauke, kuma ba inda zan rubuta.