Abin da Saude Ta Je Gani a Bakin Teku

Daga gida zuwa Kano

Mun fito daga gida ana kiran assalatu, wata Talata bayan an yanke gero, dawa kuwa ba ta riga ta nuna ba. Wannan ɗan tsakanin ne kaɗai manomi zai juya wa gona baya ba a ce ya taɓu ba, ko da yake ni an riga an ce. Babura biyu ne suka kwashe mu zuwa Kunci, ni a kan ɗaya, iyalina Saude a kan ɗaya, ta rungume ƙullin dambu da ƙuli-ƙulin da ta yi mana guzuri.

Bari in faɗi abin da ya fitar da tsoho da tsohuwa daga ɗaki a irin wannan shekara. Tun farkon damina na lura Saude tana tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta fi shekara talatin tana sharewa. Muka je asibiti a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganinta yana tsukewa daga gefe-gefe, yanzu kamar mai leƙe ta hudar zana take. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa kuma jinkiri kawai zai sa. Da za mu fita ya ja ni gefe ya ce, “Malam, in akwai abin da take son gani, kada a jira baɗi.”

Na tambaye ta, ina zaton za ta ce jikokinta na Gumel. Sai ta ce, “Bakin teku.” Akwai wata tsohuwar kalanda da mai sayar da taki ya ba ni, tana rataye a ɗakinta, da hoton rairayi da itatuwan kwakwa. Ni kaina na yi ritaya daga koyarwa a firamare, na zana teku da alli a allo ban san iyaka ba, amma ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Tomas ba.

Yayana Garba, wanda shi ne babba a gidanmu, da ya ji na sayar da ragona da buhun gero biyu sai ya kira ni zaure. “Isa, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutane na kwana da rama, kai kana sayar da hatsi don yawon buɗe ido? Bakin rijiya ma ba wurin wasan makaho ba ne, balle bakin teku.” Maganar ta sosa ni ƙwarai. Na ce, “Yaya, ba ta makance ba tukuna. Shi ya sa za mu tafi.” Amma da asubar tafiyarmu na same shi tsaye a ƙofar gida, ya miƙo mini goro biyar ba tare da ya dube ni ba.

Daga Kunci muka shiga ƙaramar mota zuwa Bichi, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, direba na kashe inji a kowace gangara don tattalin mai. Hantsi ya yi mana a Kano.

Kano zuwa Zuba

A tasha ɗan kamasho ya faɗi kuɗin kujera, na ce masa ba motar na zo saye ba. Ya yi dariya ya ce, “Baba, je ka gidan mai ka yi musu wannan wa’azin.” Ya so ya tura Saude can baya wurin mata, na ƙi. Na ce a ba ta gefen taga, ni a kusa da ita. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da ita a bainar jama’a ba, don haka na ɗora ƙullin dambu a tsakaninmu.

Halin malanta ba ya barin mutum. Ina ta bayani: ga Kwanar Ɗangora, ga Zariya, dubi yadda masararsu ta fi tamu tsayi, ga gadar Kaduna. Ita kuwa sai “To, Malam.” In ta ɗan juya wajen taga, ba ta daɗewa sai ta mai da kai ƙasa. Gaskiya raina ya ɓaci. Na sayar da hatsin gida don ta ga ƙasa, ita kuma tana kallon cinyarta.

Shingayen jami’an tsaro sun yi yawa, na daina lissafi. A wani bayan Kaduna aka ce kowa ya sauko. Wani soja mai Hausar Bauci ya tambaye ni, “Baba, ina zuwa?” Na ce, “Teku.” Ya ce, “Fatauci?” Na ce, “Kallo.” Ya dube ni, ya dubi Saude, ya ce, “A wannan zamanin? Allah ya ba mu irin zuciyarku.”

Mun isa Zuba da magariba. Direba ya ce shi ba ya tafiyar dare a wannan hanya ko da za a ba shi motar kyauta, ba kuwa wanda ya yi masa musu. Saude ta kwana a ɗakin wata mai tuwo ’yar Katsina, ni a barandar masallaci da sauran fasinjoji. Tuwon shinkafa malmala biyu da miyar kuka suka ci kuɗin da a gida zai ciyar da mu yini guda.

Gadar Kwara

Washegari bayan sallar asuba muka kama hanyar Lakwaja. Ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu da duhun itatuwa, ga mata na tallar doya da ayaba a bakin titi. Bayana ya riƙe, aljihuna kuwa ya yi sauƙi fiye da yadda na tsara.

Da muka hau doguwar gadar da ke kan kogin Kwara, ruwa ya cika ya batse saboda damina, rana na walƙiya a kansa. Saude ta manna fuskarta a gilashi. Ta ce, “Malam, shi ne wannan?”

Zuciya ba ta da ƙashi. Ta raya mini in ce mata shi ne. Mu sauka a Lakwaja, in kai ta gaɓa ta taɓa ruwa, mu juya gida da sauran kuɗin magani. Da ɗan ganin da ya rage mata, ba za ta hango ɗaya gaɓar ba. Har na buɗe baki. Sai na ce, “A’a, kogi ne. Teku yana gaba da nisa.”

Ta ce, “To, alhamdu lillahi. Da sauran tafiya ke nan.” Na ji murna a muryarta, ban kuwa gane dalilinta ba.

Muka bi ta Okene, muka ratsa ƙasar Yarbawa, hanya ramuka sai ka ce an yi haƙar gyaɗa. A Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, muka kwana.

Legas

Habu ne ya tarbe mu, tsohon ɗalibina da ke sarin tattasai a kasuwar Mil Sha Biyu, yana zaune a Agege. Yaron da na sha zanewa a kan jadawalin sau, yanzu ga shi da tumbi da ’ya’ya shida. Ya ce, “Malam, ai da ka aiko na turo muku hoton a waya, ka huta.” Na ce masa gani ya kori ji, hoto kuma ɗan’uwan ji ne.

Kafin la’asar duk wani ɗan ƙasar Kunci da ke unguwar ya zo gaisuwa. Saude na ciki da matar Habu, ni ina waje da maza. Ashe ko a Legas ɗin, a gida muke.

Da safe Habu ya raka mu Badagiri, inda ya ce rairayin ya fi tsabta kuma babu cunkoso. Mota uku muka canza. Muna isa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a wata rumfar kaba bayan an karɓi kuɗin shiga. Ƙarar tekun kam ta cika kunne, kamar manyan motoci na wucewa ba iyaka. Amma sama toka-toka, ruwa toka-toka. Na ce, “Kina gani?” Ta ce, “Sama da ƙasa duk ɗaya nake gani, Malam.”

Guzurinmu na kwana ɗaya ne kawai ya rage kafin mu taɓa kuɗin komawa. Habu ya shiga ba da haƙuri, ya ce kasuwa ba za ta bar shi ya kwana ba, amma zai bar mu gidan wani abokinsa Bahaushe mai sarin kwakwa. Saude, wadda ba ta saba sa baki a maganar maza ba, ta yi caraf ta ce, “Ka tafi abinka, Habu. Mun ga hanya.”

Bakin teku

Muka kwana gidan mai kwakwar, gari ya waye garau. Muka tafi mu biyu, ina gaba tana bin sawuna kamar kullum. A cikin rairayi ƙafarta ta riƙa nutsewa, sai da na ba ta gefen rigata ta riƙe.

Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba, ni da na shekara da shekaru ina koyar da shi. Ruwa ne shuɗi da ba shi da ɗaya gaɓar, yana tasowa ya naɗe ya faɗi da farin kumfa, ya ja da baya, ya sake dawowa, ba ya gajiya. Na yi tasbihi. Masunta na jan taru can nesa, wasu samari na wasan ƙwallo, babu wanda ya ko kalle mu.

Saude ta tsaya, ta fara daga hannun hagu, tana juya kai a hankali zuwa dama, da yake ɗan kaɗan-kaɗan idonta ke ɗauka. Ta ce ta ga kumfa, ta ga kwale-kwale, ta ga kwakwa a sama. Ruwa ya zo ya shafi ƙafarta, ta ɗan yi ƙara ta yi dariya. Ta ɗiba da hannu ta ɗanɗana ta tofar. “Wannan ai ya fi miyar Talatu gishiri,” in ji ta. Talatu matar ɗanmu ce.

Duk wannan bai kai lokacin dafa shayi ba. Sai ta juya wa tekun baya ta zauna a gindin wata kwakwa. Haushi ya kama ni.

“Haba, Saude! Rago da buhu biyu, kwana da kwanaki a hanya, shi ke nan har kin gama?”

Ta ce, “Malam, akwai wanda ya san mu a nan?”

Na waiga. “Babu.”

“To zauna a gabana. Ta inda rana za ta haska ka. Ka cire hular.”

Na zauna ina mamaki. Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido. Nan take na kau da fuska, don wallahi kunya ce ta kama ni.

Ta ce, “Tsaya mana. Kakata ce ta raine ni, ta ce mace mai tarbiyya ba ta ƙura wa mijinta ido. Na zo gidanku ga Inna, ga yayyenka, ga matansu, daga baya ga ’ya’ya, ga surukai. Da rana kana makaranta ko gona, in ka shigo sai a hasken aci-balbal. Na san tafiyarka, na san tarinka, na san ƙeyarka sarai, don ita nake bi. Amma fuskarka sata-sata na san ta. Da likita ya ja ka gefe, na ji abin da ya ce. Na ce ba zan shiga duhu da abin sata ba. A gida kuwa ina zan ce maka zauna in kalle ka? Ai sai a ce tsohuwa ta zautu.”

Ta bi fuskata kamar yadda ta bi tekun, daga goshi zuwa gemu, a hankali. Ta ce, “Ashe kana da tabo a gira.” Na ce jaki ne ya kayar da ni ina yaro. Ta ce, “Ka ga, ban sani ba.” Ni ma a ranar na ga cewa idanunta ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, irin na uwarta. Hawaye ya zubo mini, ban goge ba, don kada hannuna ya tare mata. Muna nan zaune har inuwar kwakwar ta bar mu.

Komawa gida

Komawa ba ta da labari mai yawa. Habu ya haɗa mu da wata babbar mota mai komawa Kano bayan ta sauke tattasai, direban ya ba mu gidan gaba a kan rabin kuɗi. Taya ta fashe mana kusa da Abaji, muka yi rabin yini a bakin hanya muna cin gasasshiyar masara. Mun shigo ƙauye ranar Laraba da la’asar, dawa ta fara sunkuyar da kai.

Mata suka cika ɗakin Saude, tana ba su labarin ruwan gishiri, ta raba musu kwakwa da ’yan ɓawon ƙaguwa. Yaya Garba ya tambaye ni, “Ta gani?” Na ce, “Ta gani.” Ya ce, “To, ba a yi asara ba.”

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Habu da iyalinsa, da mai kwakwar Badagiri, da mai tuwon Zuba, da direbobin da suka yi haƙuri da tsofaffi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kafin damina ta zagayo, ɗan hasken da ya rage mata ya ƙare, sai dai ta bambance dare da rana. Yanzu a ƙofar ɗakinta nake cin tuwon rana, masu magana sun yi sun gaji. Jiya ina zaune, tana ɓarar gyaɗa da lalube, na ajiye loma ina dubanta, ina tsammanin ba ta sani ba. Ba ta ko ɗago ba ta ce, “Malam, na ji hannunka ya tsaya. Ci abincinka, kada ya huce. Ni na riga na ga nawa.”