Tulun Zabibin da Ya Yi Kumfa

Shekarun baya, ina amarya a Jidda, ban daɗe da zuwa daga Sudan ba, maigidana ya ce zai kawo kafilinsa, wato mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, cin abincin dare. Dattijo ne haifaffen nan, jikan alhazan ƙasarmu, kuma iƙamarmu, takardar izinin zamanmu, a hannunsa take. Ni kuwa da rawar kai irin ta sabon shiga, na ga shinkafa da rago kaɗai ba za su fito da ni ba. Na sayo baƙin zabibi a kasuwar Bab Makka, na jiƙa shi da zoɓo, na zambaɗa sukari, na ɗaure bakin tulu tam saboda ƙudaje. Mahaifiyata takan ce ɗan tsaminsa ne ke yanke maiƙon rago.

Sai jirgin alhazai ya iso, aiki ya riƙe maigidana da dattijon a tashar jirgin, aka yi ta ɗaga ranar. Tulu na can lungu, zafin Jidda na dafa shi.

Ranar da za su zo, bayan la'asar, na kwance bakin tulu na tarar ya yi kumfa. Na kurɓa kaɗan. Jawur yake, gwanin sha'awa, amma ya ciji harshena, ya sauka da ɗumi har ƙirji. Gabana ya faɗi. Ni da ban taɓa ganin giya ba, ga shi ina zargin na haɗa ta da hannuna, a ƙasar da hukuncinta bulala ne da kora. Na yi ta kuskure baki. In zubar kuma, kwatarmu a buɗe take, ta ƙofar maƙwabta take bi, ga wari. Na tura tulun ƙarƙashin gado na lulluɓe da zane, sai ka ce zane na tare wari.

Bayan magariba suka iso. Ina bayan labule sai na ji dattijon yana tambayar ina jan abin shan nan da maigidana ya cika musu kunne da shi a tasha. Ashe bawan Allah ya yi ta kuri da ni. Na so in ce ya zube, bakina ya ƙi.

"Baba, ya yi kumfa," na ce.

Dattijon ya ce a kawo. Maigidana ya ɗauko. Dattijon ya sunsuna, ya kau da kai, ya tambaya ko na sha. Na ce kurɓa ɗaya, ina hawaye.

"Shi ke nan, ya binti, ba ki yi niyya ba," in ji shi. "Amma wannan ya tsallake iyaka."

Maigidana ya miƙe zai fita da tulun, dattijon ya hana shi. Ya rungume shi da kansa, ya fita ƙofar gida inda maƙwabta ke zaune suna shan iska, ya tuttule shi a kwata. Ya dawo da jan fallatsi a farar rigarsa, ya zauna.

"In wani ya yi magana, hannuna ya gani," ya ce. "Yalla, a ƙaro shinkafa, a ba mu ruwa."

Ban taɓa jin zancen a bakin kowa ba a unguwar.

Yau jikokina kan yi mini dariya, don ko zoɓon da aka haɗa yanzu ba na miƙa wa baƙo sai na sunsuna, kuma har gobe gabana kan ɗan faɗi. Nakan bar su su yi, ai ba su ga rigar ba. Ni na roƙa aka kawo mini ita na wanke, na yi ta cuɗawa, jan bai fita ba. Haka ya ci gaba da sa ta zuwa tasha.