Falmaran ɗin da Yaya Ta Noma a Baho

Yayata ta yi shekara tara a ɗakin gwaje-gwajen wata masaƙa, tana auna sinadaran rini. Rana ɗaya ta ajiye aiki, wai ta gaji da ganin baƙin ruwan da suke saki a kwata. Tun daga nan take noman yadi a baho, kuma ba zolaya nake yi ba. Shayi take dafawa da sukari, ta zuba masa wani ruwan tsami mai ƙwayoyin halitta, ta rufe da ƙyalle. Bayan sati uku sai wata fata mai santsi ta taso a sama, kaurin yatsa. Ta kwashe, ta rina da ɓawon albasa, ta shanya a kan katako har ta bushe kamar fatar jaka. Warin ɗakin ya sa maƙwabta suka laƙaba mata Mai Tsami. Mama ma in ta zo, a ƙofa take tsayawa ta yi gaisuwa.

Ni tela ce, don haka a kaina wahalar take ƙarewa. In allura ta huda abin nan sau ɗaya, ramin ya zauna ke nan, babu warwara. Guga kuwa ko kusa.

Shekara biyu ba wanda ya sayi ko taƙi ɗaya. Mijinta ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce in wata ya ƙare babu mai saye, ɗakin bahunan zai koma na yara, don su huɗu ne cunkushe a ɗaki guda. Ban ga laifinsa ba. Ana cikin haka wata mai babban shagon sutura ta ga hoton yadin a waya, ta ce a ɗinko mata kwat ɗaya ta gani ranar Asabar.

Kwana huɗu na yi a kan keke, ina juya shi da hannu don kada ya zarce. Laraba na gama, muka rataye a ƙusa. Da safe muka tarar tururuwa sun yi layi tun daga taga, sun cinye rabin hannun hagu. Ashe Yaya da gangan ba ta wanke sukarin duka, wai shi ke sa fatar laushi.

"Yaya, kin ga aikinki ko?"

"Ai shaida ce," in ji ta, har da murmushi. "Da guba ce ba za su taɓa ba."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe ta. Na cire hannuwan duka biyu, kwat ta koma falmaran.

Ranar Asabar muka kai shagon. Mai shagon ta saka, ta juya gaban madubi, ta sake juyawa. Hasken taga yana ratsa fatar, launin ya fito kamar zuma. Sai ta ɗiga ruwan gora a gefen aljihu. Wurin ya kumbura, ya yi laushi.

"Guda talatin nake so," ta ce. "Amma a fesa musu roba. Ba zan sayar wa mutum rigar da ke tsoron yayyafi ba."

"Ranki ya daɗe, kakin zuma nake shafawa," in ji Yaya. "Zan ƙara."

"Kakin ne na gani yanzu."

Na taka ƙafar Yaya a ƙarƙashin tebur. Ta janye.

"In na fesa roba ba za ta ruɓe ba har abada," ta ce. "Abin da na baro ke nan."

Matar ta cire falmaran ɗin, ta miƙo mana da hannu biyu, ta yi mana fatan alheri.

A matakala na sauke mata kwandon masifa. Na lissafa mata yatsuna da suka kumbura, da ɗinkin mutane da na ture gefe, da mijinta da ke jiran waya. Guda talatin! Ban taɓa jin haushin ɗan Adam irin na ranar ba. Ita kuwa tana ta naɗe falmaran ɗin a takarda.

Sai da muka kai bakin titi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Filin nan na bayan kekenki a shago, baho shida zai shiga?"

Na san warin zai kore mini kwastomomi. Na buɗe baki in ce a'a.

"Huɗu," na ce. "Kuma ke za ki riƙa share tururuwa."