Hajiya da Ruwan Randa a Bokitin Kifayena

Dawowata daga sallar la'asar ke nan, na tarar da kakata tsugune gaban bokiti, moɗa a hannu. Na ruga wajenta.

Kifayen teku biyu ne a ciki da murjani mai rai, irin mai tsirowa a ƙarƙashin teku, da safiyar ranar suka iso mini daga birnin Duwala. Ba a jefa su cikin akwatin gilashin kiwon kifi kai tsaye, sai an yi ta ɗiga musu ruwan gishirinsa ta siririn tiyo har su saba.

"Hajiya, me kika zuba?!"

"Ruwan randa mana. Na ɗanɗana naka, gishiri zalla! Baƙi su sha wannan uwar tafiya, ka tare su da ɗigo-ɗigo? Tun muna unguwar Ridina ba a yi wa baƙo haka a gidanmu."

Moɗa uku ta zuba, alhali halittun teku ba sa jure ruwan da ba gishiri. Kafin magariba kifi ɗaya ya mutu, washegari murjanin ya yi fari fat, shi ma ya mutu.

Yanzu kullum takan tsaya gaban wanda ya tsira, hannuwa a baya, ta ce, "Yafe mini, baƙona."

Jama'a, yaya ake fushi da wadda karamci ya sa ta yi kisa? Ni dai na kasa.