Littattafan Lawal da Aka Raba Kamar Gero

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Malam Lawal, malamin kimiyya a wata sakandare a Batsari. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na tuna ranar rabon gadonsa, abinci fita raina yake yi.

In ya zo cin tuwo gidana, hirarsa ɗaya ce: wani baƙin abu da ake haɗawa da jan ƙarfe a gasa kamar tukunya. Wai in aka sanyaya shi fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba, lantarki na ratsa shi ba zafi ba asara, har mayen ƙarfe ya tsaya a iska bisansa. Ƙwayoyin lantarkin ne ke tafiya bibbiyu a ciki, abin da ke haɗa su kuwa har manyan masana ba su gama ganewa ba. Nakan ce, "Lawal, ci tuwonka, ka ishe ni."

Lissafin abin nan ya cika littafi goma sha ɗaya, kowanne na ɗorawa kan na baya. Ranar gado aka jera su a tabarma gefen buhunan gero. Na ce wa baffanmu mai rabon, "Baffa, wannan fa ba hatsi ba ne, a bar su wuri guda." Ya ce, "Ke Hajara, haƙƙin marayu ne, kowa a ba shi nasa." Don rabo ya daidaita, a gabana aka tsaga ɗaya gida biyu.

Da yana raye yau, ya ga wayoyin lantarkin layinmu an kwance an sayar wa 'yan gwangwan, ban san me zai ce ba. Amma su ɓarayi ne. Mu fa?

Bara Malama Rabi, ɗalibarsa da ke koyarwa a jami'a, ta zo neman littattafan. Duk da halin rashin tsaro da hanya ke ciki, na hau mashin na bi ƙauyukan da magada suke. Littattafan da ke Wagini gara ta cinye. A Zakka na tarar da rubutun Lawal an ƙunshe daddawa da shi. Uku da rabi na tsira da su.

Rabi ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Mama, mafarin na nan, inda ya dosa ne babu. Ko ya taɓa faɗa miki?"

Ya faɗa, ina ta korarsa. Abin da ya rage na Lawal ke nan: takardu masu warin daddawa, da ɗan abin da ya maƙale a kunnena. Ta ce za ta dawo ta ɗauki muryata a waya. Na ce ta hanzarta, ni ma ba yarinya ba ce.