Hayatu Mai Katafila

Kafin a san shi da katafila, Hayatu mai haƙa rijiya ne. A wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum aka haife shi, kuma tun yana saurayi yake bin mahaifinsa cikin rami da dagi da igiya. A wajajen 1998, idan ka bi ƙauyukan da ke tsakanin Bukkuyum da Gummi, da wuya ka wuni ba ka sha ruwan rijiyar da hannunsa ya taɓa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Matarsa Bara'atu takan ce ya saba da ƙasan rijiya ne, inda babu abokin hira.

Bayan dawowar mulkin farar hula sai motocin burtsatse suka fara shigowa ƙauyuka. Aikin da yake shafe rani yana yi, su kafin kasuwa ta zagayo sun gama. Sannu a hankali aka daina kiransa sai don yasar tsohuwar rijiya, ko ciro akuyar da ta faɗa. Gonarsa kuwa ba ta kai gidan ga wata damina. Haka ya yi shekaru yana ƙwadago, har zuwa 2008, lokacin da wani kamfanin gina hanya ya kafa sansani a bayan garin Anka, ya samu shiga cikin leburorin da ke haƙa mazaunin kwalbati.

A can aka zaɓi wasu leburori don a koya musu tuƙin katafila mai haƙa, wadda ke da dogon hannu da bokiti mai haƙora. Hayatu bai nema ba. An sa sunansa ne saboda ba ya makara, kuma ba a taɓa jin sa da kowa ba. Shi ne babba a cikinsu, ya haura arba'in, ko babur bai taɓa tuƙawa ba.

Ya ɗauka kan motar za a ɗora su. Sai aka kai su cikin wata kwantena mai sanyi, inda aka kafa kujera irin ta direba, da sanda ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wani babban gilashi kamar talabijin a gaba. Mai koyarwar, wani Bakano mai suna Saifullahi, ya bayyana musu cewa duk abin da hannu ya yi da sandunan, katafilar da ke cikin gilashin za ta yi shi, kuma babu mai taɓa ta gaske sai ya ƙware a wannan.

Samarin suka kama abin kamar wasa. Hayatu kuwa hannunsa ya saba da ƙarfi, sandunan kuma lallashi suke so. Ya fasa tifar da ke cikin gilashin, ya tsinka wayar lantarki, ya matsa bakin rami har motar ta kife da shi. Wata rana ya juya hannun katafilar bai duba ba, bokitin ya kwashe wani ɗan mutum mai hular kwano da ke tsaye a gefe. Gilashin ya koma ja. Hayatu ya sauko daga kujerar yana salati, samarin suna ta dariya. Saifullahi bai yi dariya ba. Ya danna wani maɓalli, ɗan mutumin ya sake bayyana a tsaye inda yake.

"Baba Hayatu, koma ka zauna," in ji shi. "A ɗakin nan kaɗai za ka buge mutum ya tashi. Duk ɓarnar da za ka yi, ka gama ta a nan."

Ya koma ya zauna. Idan samarin suka fita cin abinci, shi yakan roƙi a bar shi ya ƙara. A haka ya koyi zagaya motar da ƙafa kafin ya hau, da yin oda kafin ya motsa, da ajiye bokiti ƙasa kafin ya sauka. Abin da Saifullahi ya fi nanatawa shi ne, muddin akwai mutum a inda bokiti zai iya kaiwa, hannu ba ya taɓa sanda. Shi ne na ƙarshe da aka bari ya hau ta gaske, amma ya hau. A shekarar aka sauya rufin ɗakin Bara'atu, yaran ƙauye kuma suka laƙaba masa Mai Katafila.

A lokacin zazzaɓin zinariya ya kama ƙasar Anka. Maza sun bar gonaki sun shiga daji, kowa na bin jijiyar dutse a ƙarƙashin ƙasa. Wata safiya a ƙarshen daminar 2009, bayan an kwana ana ruwa, wasu mutane suka shigo sansanin a kan babura, jikinsu duk laka. Rami ya rufta a dajin da ke hanyar Bagega, da mutum biyar a ciki. Manajan kamfanin ya yarda a ba da mota, kuma katafilar Hayatu ce mafi kusa da tirelar da za ta ɗauke ta.

Sai wajen azahar suka isa. Da ya sauka ya taka wurin, sai ya gane ƙasar duk ramuka ce a ƙarƙashi, kuma ta sha ruwa. Nauyin motar kaɗai zai iya rufta wani ramin. Ya tsayar da ita nesa, ya miƙa hannunta iya tsawonsa, ya fara kankare ƙasar kaɗan-kaɗan daga gefe. Duk abin da aka koya masa a kan kada ya haƙa inda mutum yake ne. Yau kuma an kawo shi ne ya haƙa daidai inda mutane suke, ba tare da ya san ta ina suke kwance ba.

Jama'a suka fara ihu ya yi sauri. Ya kau da kai. Can sai wata tsohuwa ta ratso mutane ta tsaya kusa da ƙofarsa, har sai da ya rage ƙarar injin don ya ji ta. Habsu sunanta, ɗanta Bature yana cikin waɗanda ƙasar ta danne. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan nan, ɗana na ciki tun da sahe. In ka ci gaba hakanga, gawa za ka hiddo min."

Hayatu ya dube ta, ya dubi rana da ta fara karkata. Ya nutsa bokitin fiye da yadda yake yi. Na farko ya fito da ƙasa da itatuwan tokare. Na biyun da ya ɗago, akwai tsumman riga a jikin haƙori ɗaya. Nan take ya ajiye bokitin gefe, ya kashe injin, ya ce a ƙarasa da hannu. Shi ma ya karɓi shebur ya shiga.

An ciro biyu da rai. Uku sun riga sun cika, har da Bature, wanda ke da wani dogon rauni daga kafaɗa zuwa haƙarƙari. Kowa ya ga raunin. Duk da haka, sa wa Hayatu albarka mutane suka yi ta yi.

Ranar sadakar uku ya je gaisuwa. Liman Yahaya, wanda ya yi wa mamatan wanka, ya ja shi gefe ya gaya masa cewa raunin bai zubar da jini ba, kuma bakin yaron cike yake da ƙasa, alamar rai ya fita tun kafin ƙarfe ya taɓa shi. Hayatu ya yi godiya. Sai dai ya lura Liman mutum ne mai tausayi, irin wanda zai iya faɗin haka ko da ba haka ba ne. Habsu kuma ta aiko masa da ruwa a ƙwarya, ta ce a gaya masa ta gode da ya fito mata da ɗanta ta gan shi.

Ya koma aiki, amma ya zama wani iri. Kafin kowane haƙa sai ya sauko ya leƙa ramin, ko da ya san babu kowa. Tifofi suka riƙa yin layi suna jiransa. Ba a kore shi ba, an dai mayar da shi can ramin ɗibar jar ƙasa, inda ba mai zuwa sai direbobi. Da aikin hanyar ya ƙare kamfanin zai koma wata jiha, Saifullahi ya nemi ya bi su, ya ce a'a. Masu ramukan zinariya da suka fara hayar katafila sun yi ta aiko masa, su ma bai amsa ba. Bara'atu ta yi magana sau ɗaya, ta ga yadda ya bar tuwonsa, ba ta ƙara ba.

Wata ranar kasuwar Anka ya kai wake zai sayar, sai wani saurayi ya durƙusa ya kama hannunsa biyu. Ɗahiru ne, ɗaya daga cikin biyun da aka ciro da rai. Yana ɗingishi kaɗan, gashin kansa da girarsa sun yi fari da ƙurar dutse. Ya matsa sai da ya saya wa Hayatu fura a wurin wata Bafulatana, suka zauna a inuwar rumfa. Ya ba shi labarin an buɗe sabon rami kusa da wancan, ya fi shi zurfi, kuma tun da ƙafar ta warke yake shiga.

"To mi za a yi, Baba? Gona ba ta riƙe mu."

Hayatu ya shanye furar, ya ce Allah shi tsare. Ɗahiru ya hau bayan wani babur da ke ɗauke da buhunan dutse suka nufi daji, shi kuma ya koma wurin wakensa.